Takardar sallamar Baba daga soja cike take da kurakurai, lambar yabon Saliyo ma babu, ina ake gyarawa?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san harkar soja ko yake da tsohon soja a gida ya ba ni shawara, abin nan ya tsaya wa mahaifina a rai ni ma ya hana ni sukuni.

Baba sojan ƙasa ne, ya yi Dafo, wato makarantar horas da kuratan soja, a Zariya ya zauna barikoki kala-kala, an kai su Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, yana can lokacin da yaran Charles Taylor suka afka wa Monrovia a ƙarshen 1992, bayan wasu shekaru aka sake kwasarsu sai Saliyo, a kan idonsa 'yan tawaye suka shiga Freetown a Janairun 1999 kuma a nan ne ɓarɓashin bam ya same shi a cinya, har yau in sanyi ya shigo sai ƙafar ta riƙe. Ya bar aiki a 2006 bayan ya yi kwas ɗin koyon sana'a na Oshodi, tun lokacin muna nan Kurna. Fansho na shigowa alhamdulillahi, ba kukan wannan na kawo ba.

Takardar sallamarsa ce matsalar. Shi bokonsa bai yi nisa ba, tunda aka miƙa masa ita ya naɗe a leda ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe, sai da tantancewar 'yan fansho ta taso aka ce a ɗora takardu ta waya na zauna zan yi masa, a nan na bi ta layi-layi ina karanta masa. An rubuta ya shiga soja a 1983 shi kuma ya rantse 1980 ya shiga, ga lambarsa ta soja ma da 79NA ta fara to ta yaya za a ce 1983? An rubuta Saje ne alhali ga hotonsa nan rataye a ɗaki da igiya uku da mikiya a sama, kowa a bariki Sitaf yake ce masa, muƙamin da ke gaba da Saje. Suna kuma Garba ne a takardun soja, a NIN da BVN Abubakar. Sai wurin lambobin yabo, an sa ta Laberiya amma Saliyo ko alamarta babu, kamar bai taɓa taka ƙasar ba.

Wlh duk cikinsu wannan ta ƙarshen ce ta fi cinsa. Da na karanta masa ya yi shiru ya ce in sake karantawa, na sake, ya tashi ya shige ɗaki. Dama akwai wani yaro da ya taɓa gaya masa a majalisa wai ai kowane tsohon soja cewa yake ya je Saliyo, tun ranar ya daina ba da labarin a waje. Mutumin da ya bar abokansa a can an binne su, ya dawo da dingishi, a ce takardar hukuma ba ta san ya je ba.

To tambayata, ina ake fara bi? Barikin Bukavu na nan Kano zan je ko Abuja? Shekara nawa da barin aiki, za a ma saurare mu kuwa? Sannan in shekarun aiki da muƙamin ba daidai ba ne ashe kenan fanshon ma a ƙasa da haƙƙinsa ake biyansa tun 2006? Na gode, Allah ya saka.

Abba Sabongari:

Wa alaikumus salam. Malam gsky ni shawarata ka raba abin biyu, ka bi kuɗi ka ƙyale batun minda. Shekara uku a lissafin fansho ba wasa ba ne, bambancin Saje da Sitaf ma kuɗi ne duk wata, wannan shi ne abin wahala a kai. Lambar yabo kuwa ka shiga kasuwar mami ta kowace bariki telolin nan suna da ƙyallen kowane yaƙi, ka saya masa a ɗinka masa a jikin rigarsa ta lijon, ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya sa ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu hankalinsa ya kwanta, wa zai tsayar da tsoho ya ce ina takarda.

Suna kuma mai sauƙi ne, ka je a mayar da NIN ɗinsa Garba ya yi daidai da na soja shikenan. In kana so akwai wani da na sani yana shiga yana fita a Abuja, ka ba shi takardun da ɗan na mota shi zai yi komai kana zaune a gida.

Samanja Mai Ritaya:

Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa mahaifinka. Ka gaishe min da shi, ka ce wani ɗan ECOMOG na farko yana gaishe shi, mu ne muka sauka tashar jirgin ruwa ta Monrovia a watan Agustan 1990 lokacin Janar Quainoo na Ghana ne kwamanda kafin a kawo mana Dogonyaro. Ni aikin akawu na yi a soja har na zama babban akawun bataliya, irin wannan takarda da kake magana na buga su ba adadi, don haka ka saurare ni da kyau.

Kafin komai, kar ka miƙa wa kowa takarda ta asali, ko wane ne shi, ko ɗan uwanka ne mai kaki. Kwafi ake bayarwa. Kar kuma a sa biro ko farin gogewa a kanta da sunan gyara, ranar da aka ga alamar hannu a jikinta ta zama abin zargi ko da abin da aka rubuta gaskiya ne. Abba ka yi haƙuri ɗana, mai shiga da fita ɗin nan naka ban yarda da shi ba, irinsu ne suke karɓe takardun tsofaffi su ɓace ko su dawo da wata sabuwa fes wadda babu ita a kowane fayil.

Abin da ya kamata ka gane shi ne takardar sallama kwafowa ake yi, ba ita ce tushe ba. Tushen yana cikin fayil ɗin mahaifinka, kuma fayil ɗin duk wani soja da ba hafsa ba yana ofishin adana bayanan sojan ƙasa da ke Lokoja, cikin barikin Chari Maigumeri. Abin da yake shiga fayil ɗin kuma daga Fat Tu Oda yake fitowa, wato sanarwar da kowace bataliya take bugawa a kan sojojinta, ƙarin girma, canjin wurin aiki, kwas, aure, haihuwa, hukunci, tafiya yaƙi da dawowa, lambar yabo, duk a nan ake bugawa da lamba da kwanan wata a tura Lokoja. A wurinmu abin da ba a buga a Fat Tu Oda ba to bai faru ba, ko duk bariki sun gani da idonsu. Saboda haka tambayar da za ka fara nema wa amsa ita ce, kuskuren a wajen kwafowa aka yi shi, ko tun a fayil ɗin haka yake? In akawu ne ya karanta 80 ya buga 83 wannan gyaransa ba wuya, za a buɗe takardar ɗaukarsa aiki a gani. In kuwa fayil ɗin ne ya ce 1983 to sai da hujja mai ƙarfi.

Maganar 79NA kar ka dogara da ita, ba hujja ba ce. An daɗe ana ba da wannan lamba ga waɗanda suka shiga shekaru bayan 1979, kamar yadda 63NA ta haɗa har da waɗanda aka ɗauka a tsakiyar yaƙin basasa. Hujjar da ta fi ita ce abokan Dafo ɗinsa, waɗanda lambarsu take maƙwabtaka da tasa, domin a jere ake rabawa. In ka samu mutum ɗaya ko biyu da lambarsu ke kusa da tasa kuma takardarsu ta ce 1980, ka yi kwafi ka haɗa, duk akawun da ya gani ya san zancen. Kuma ka zauna da shi ka gwada tunaninsa da abubuwan da kowa ya sani, ka tambaye shi lokacin rikicin Maitatsine na Disambar 1980 yana ina, yana gida ko yana cikin kaki? Ba ƙaryata shi nake ba, mu tsofaffi shekaru suna haɗe mana, gara ku tabbatar a gida kafin ku rubuta.

Muƙami kuwa a nan nake so ka shirya zuciyarka. Hoto yana nuna ya sa igiyar, ba ya nuna an tabbatar masa da ita. A fagen daga ana ba mutum muƙamin riƙo saboda an rasa na gaba da shi, ya sa a kafaɗa ya yi aikin kowa ya kira shi da shi, amma in ba a tabbatar an buga ba to da tsohon muƙaminsa zai fita kuma da shi za a lissafa masa fansho. Akwai kuma wanda ƙarin girmansa na gaske ne ya fito dab da sallama, an riga an shirya takardunsa da tsohon muƙami ba wanda ya koma ya gyara, wannan shi ne mai haƙƙi tsantsa. Sannan akwai na uku wanda ba a son faɗa, mutum ya yi laifi an gurfanar da shi an cire masa igiya bai taɓa gaya wa iyalinsa ba. Ban ce na mahaifinka haka ne ba, amma fayil ba ya ɓoye komai, duk abin da ka gani a ciki ka riƙe a cikinka ka ci gaba da girmama shi, ba ka san halin da aka shiga ba. Abin da zai raba gardama nan take silif ɗin albashinsa ne na shekarun ƙarshe, ka duba da wane muƙami ake biyansa.

To sai Saliyo. Wannan ban yi mamaki ba ko kaɗan, domin na san yadda ake haɗa bataliyar da za ta tafi. Ba kasafai mutanen bataliya ɗaya suke isa ba, sai a tsinto daga nan da can a cike, a ba su lambar NIBATT, wato sunan da ake kiran bataliyar Najeriya da shi a aikin ƙasar waje, su tafi. To wanda aka aro, bataliyarsa ta asali tana ganin waɗanda suka tafi da shi ne za su buga masa, su kuma suna ganin ai ba nasu ba ne, ga shi ana cikin wuta ba mai ta takarda, in kuma ciwo ya ji aka ɗauko shi a jirgi kafin sauran su dawo to faretin raba lambobin ma ba ya wurin. Haka mutane da yawa suka faɗa tsakani. Ka tambaye shi lambar NIBATT ɗinsu, wace bataliya ce uwar tafiyar, wa ye kwamandansu, ta Lungi suka sauka ko ta ina, wane wata ya tafi wane wata ya dawo. Ka tambaye shi kuma ko ya taɓa sa shuɗiyar hula, domin a ƙarshen 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa UNAMSIL, rundunarta ta kiyaye zaman lafiya a Saliyo, wasu bataliyoyinmu suka koma ƙarƙashinta, wanda ya yi kwana 90 a nan yana da lambar Majalisar daban bayan ta ECOMOG. Ciwon cinyar nan ma shaida ne, in an kwantar da shi a asibitin soja na Yaba ko 44 na Kaduna akwai kati akwai kwanan wata akwai inda aka rubuta daga ina aka kawo shi.

Abba ka ce a saya a mami. Ƙyalle kam ana sayarwa, mu ma can muke sabunta namu in sun koɗe, amma wanda takardarka ta ba ka kake sabuntawa. Tsohon nan ba ƙyalle ne ya dame shi ba, so yake hukumar da ta tura shi ta rubuta da hannunta cewa ya je. In ka ɗinka masa wanda babu a takarda shi da kansa ba zai iya fita da shi gaban 'yan uwansa 'yan mazan jiya ba.

Yadda za ka yi, a rubuta takardar koke da Turanci da sunansa shi ba naka ba, zuwa ga kwamandan ofishin na Lokoja, a sama lambar soja, muƙami, suna yadda yake a soja, bataliyar ƙarshe da ranar sallama. Kowane kuskure a ba shi sakin layinsa, ga abin da aka rubuta, ga abin da ya kamata, ga hujja an liƙa. Ban da dogon labari ban da zagin kowa. Ka fara kai ta ofishin lijon na jiha su gani su sa maka wasiƙar rakiya, ka kuma shiga hedikwatar Birged ta 3 a Bukavu ka nemi ɓangaren mulki su nuna maka hanyar da za ta bi, soja yana son abu ya zo ta layinsa. Duk inda ka ajiye kwafi a buga maka hatimin an karɓa a kan naka. Hukumar fanshon soja ta Dutsen Alhaji a Abuja ita ce ta ƙarshe ba ta farko ba, su da abin da aka aiko musu suke lissafi, sai an gyara a tushe sannan ka kai musu su sake lissafin su duba bashin baya.

Maman Nana Hotoro:

Baba Samanja Allah ya ƙara girma ya sa a gama lafiya, wlh da mun samu mai yi mana irin wannan bayanin a lokacinmu da ba mu sha wahalar da muka sha ba.

Ƙanina ni abu ɗaya zan ƙara maka, ka yi shi yanzu yanzu tun Baba yana da rai yana da hankalinsa yana iya sa hannu yana iya cewa ga sunan kwamandanmu ga garin da muka kwana. Namu mahaifin sai bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa, shi Labanon ya je wajen 1980 da kuma Cadi, muna da hotunansa da shuɗiyar hula amma ba wanda ya san wace shekara ce takamaimai ko wace bataliya, Inna abin da ta sani kawai ya tafi tana da cikin yayana ya dawo yaro yana rarrafe, to wa za ka kai wa wannan a ofis? Abokansa da za su ba da shaida kuma ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, wanda muka samu a Zariya ma mantuwa ta kama shi. Maganar lambobinsa haka muka haƙura ba don mun so ba, har yanzu in na tuna sai in ji ba mu kyauta masa ba duk da shi ma bai taɓa nuna mana takardun ba. Hausawa suka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Kuma tunda za a buɗe fayil ɗin dan Allah ka duba wa aka rubuta a matsayin magajinsa. Yawancinsu suna samari suka shiga, sai su ba da sunan wa ko ƙanin uba, a yi aure a haifi 'ya'ya goma ba a koma an canza ba. Mu sunan ƙanin kakanmu muka tarar, mutumin da ya rasu tun muna yara, sai da muka yi ta zarya tsakanin kotu da gidan mai unguwa da dagaci ana rubuta shaidar cewa mu ne iyalinsa kafin a saurare mu a kan ɗan abin da ya rage masa. Rabon gado kam shari'a ta riga ta tsara, amma wanda sunansa ke takarda shi hukuma take kira, in babu shi ko ba mai amana ba ne kun shiga uku.

Ka kunna rikodin na wayarka ka sa shi ya ba ka labarin Saliyon tun daga ranar da aka kira sunansa har dawowa, kar ka katse shi, daga baya ka tsinci sunaye da watanni a ciki. Zai yi maka amfani wajen rubuta koken, kuma shi ma zai ji sanyi a ransa ɗansa ya zauna ya saurara. Abba kai kuma ka ce a bar minda a bi kuɗi, ni 'yar soja ce a bariki na tashi, na ga yadda suke goge abin nan da daddare kafin fareti, ba za ka gane ba sai naka ne.

Katin asibitinsa na DHML, wato inshorar lafiyar sojoji, shi ma ka duba wane suna ne a kai, kar ranar da ciwo ya tashi a tsaya gardamar Garba da Abubakar a bakin kanta.

Sadiku Mai Kafe:

Slm. Ni shagon kwamfuta gare ni wajen Sakateriyar Audu Bako kuma tsofaffin sojoji suna zuwa min sosai lokacin tantancewa, bari in yi magana a kan sunan kawai don nan ne na sani.

Kar ka yi saurin taɓa NIN ɗin nan. NIN a ɗaure yake da BVN da layin waya da asusun da fanshon ke shiga, ka canza ɗaya ka bar sauran sai ka wayi gari banki sun riƙe asusu a dawo ana neman na cefane. Garba da Abubakar duk Bahaushe ya san suna ɗaya ne kamar Audu da Abdullahi ko Shehu da Usman, amma kwamfuta ba ta san haka ba, wanda ke zaune a ofis ɗin ma ba lallai Bahaushe ne ba. Abin da ake yi shi ne a je Babbar Kotu ya yi takardar rantsuwa cewa Garba wane mai lambar soja kaza shi ne Abubakar wane mai NIN kaza, duk takardun da ke ɗauke da sunayen biyu nasa ne, a buga a jarida ta ƙasa a sayi jaridar a ajiye shafin gaba ɗaya ba a yanko ba saboda kwanan watan ya fito. Wannan sai ta riƙa bin duk takardar da za ku kai ko'ina. In daga baya hukumar fansho ko banki suka ce lallai sai an daidaita to a lokacin ka san wanne za a mayar wanne, da takardarsu a hannunka.

Ka duba ranar haihuwa ma tun yanzu don ba ka ambace ta ba. Wadda ya faɗa ranar da aka ɗauke shi ita soja suka sani kuma takardar rantsuwar shekaru ta yau ba ta goge ta, da yawa a lokacin an ƙara musu ko an rage don su shiga. Gyaran ranar haihuwa a NIMC kuma ya fi gyaran suna tsada nesa ba kusa ba.

Wani abu, in ka shiga Google kana neman yadda ake gyara takardar sallama duk abin da zai fito maka na Amurka ne, za ka ga DD 214 da DD 215 da fom ɗin DD 149, na ga wani yaro ya sauke ya cike wa kakansa ya kawo min in tura, bai shafe mu ba sam. Abin da za ka ɗauka a wajensu ɗaya ne, a 1973 gobara ta cinye musu fayil ɗin sojoji wajen miliyan 16 zuwa 18 a St. Louis kuma da takardun albashi da na asibiti suke sake haɗa tarihin mutum, wato ko an ce maka ba a ga wata takarda ba kar ka juya, irin hujjojin da Baba Samanja ya lissafa su za su tsaya maka. Ka kawo duk abin da ke akwatin a yi masa sikanin mai kala a ajiye a imel, ko ba wajena ba.

Duk wanda kuma ya kira Baba a waya ya ce daga ofishin fansho yake an ga bashinsa a turo kuɗin fitarwa ko lambar da ta shigo wayarsa, ɓarawo ne, ka gaya masa tun yau don da zarar kun fara yawo da takardu lambarsa za ta zaga.

Ɗan Kurna:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya biya ku. Baba Samanja na isar da gaisuwarka, ya ce yana amsawa, wai ku ne kuka share musu hanya.

Jiya bayan isha'i muka zazzage akwatin. Maganar Maitatsine ko numfashi bai ja ba ya ce yana bariki a kudu bai daɗe da fitowa daga Dafo ba, a rediyo suka ji, hankalinsa ya tashi saboda yayarsa tana aure a Fagge kusa da 'Yan Awaki ya nemi izinin zuwa aka hana shi. Akwai kuma abokin Dafo ɗinsa a Dakata da suke gaisawa, zan je in ga takardarsa. Mun samu silif ɗin albashi guda biyu na 2005 duk SSGT aka rubuta, kenan da muƙamin Sitaf ake biyansa kafin ya fita. Katin asibitin Yaba ma yana nan ya yi ja amma ana karanta 1999. Shuɗiyar hula ya ce bai sa ba, an dawo da shi tun kafin zuwan 'yan Majalisar, don haka ta ECOMOG kawai za mu nema. Anti Maman Nana na yi rikodin ɗin, mun kai sha biyun dare yana magana har Umma ta fito ta zauna, magajin da ya rubuta kuma ya ce wansa ne, shi ma ya rasu.

Saura abu ɗaya ranka ya daɗe, ƙafar nan ba za ta bar shi ya yi zaman mota daga Unguwa Uku har Lokoja ba, hannunsa ma yana rawa sa hannun ba ya fita kamar na da. Ni zan iya zuwa a madadinsa ko dole sai an gan shi?

Samanja Mai Ritaya:

Madalla ɗana, silif ɗin nan biyu ka riƙe su da kyau, ba a biyan soja albashin muƙamin da ba a buga ba, ka sa su a gaba cikin hujjojin muƙami. Ka nemo kuma takardar lissafin giratuti da fansho da aka ba shi lokacin fita ka ga wane muƙami da shekara nawa aka yi amfani da su a can, wani lokaci lissafin daidai yake takardar sallamar ce kaɗai ta kauce, in haka ne ba ku bin bashi, gyaran takarda kawai za a yi.

Zuwa kuwa kar ka ɗaga shi tukunna. Ka fara da nan gida, lijon da Bukavu duk a Keke Napep za ka kai shi, su gan shi da idonsu su ga katin shaidarsa na ritaya. Ya rubuta maka wasiƙar wakilci da sunanka da lambar NIN ɗinka, ya sa hannu yadda ya iya ya kuma dangwala babban yatsa a gefe a gaban shugaban lijon shi ma ya sa hannu da hatimi, ka haɗa da hotonsa na yanzu da kwafin katinsa da naka. Da wannan za ka iya kai koke ka kuma bi sawu. In sun buƙaci ganinsa su za su faɗa, a lokacin sai a san yadda za a yi da mota.

Batun magaji takarda daban za a yi masa kar ka cusa shi cikin wannan koken, wancan hukumar fansho za a kai wa da hoton wanda ya zaɓa, kuma ku bar shi ya zaɓa da kansa ba a gaban kowa ba. Ciwon cinyar ma ka tambaye shi ko an taɓa zaunar da shi gaban kwamitin likitocin soja kafin sallama, in an yi akwai takardar sakamako, ka nemo ta.

In za ka tafi Lokoja ka tafi farkon mako ka isa ofis da safe, ka sa kaya masu mutunci, a geti ka faɗi sunan ofishin da kake nema ka nuna wasiƙar. Ka rubuto min lambar NIBATT ɗin nasu da watan da suka tafi a saƙon sirri, akwai mutanenmu na Saliyo da muke haɗuwa duk wata, zan tambaya ko akwai wanda suka yi tafiya ɗaya.